Dajin da ke Janyo wa Kansa Ruwa

Akwai wata 'yar gaɓa a jikin kowane ɗa namiji wadda har yau Hausa ba ta tsayar mata da suna ba, alhali kuwa ita ke kwantar da dattawanmu da yawa. Girmanta bai wuce na goro ba. Tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun da fitsari ke bi kamar yadda zobe ke kewaye yatsa, aikinta kuma shi ne samar da wani kashi na ruwan maniyyi. Likitoci na ce mata furostet. Idan ciwon daji ya kama ta, sai ka ji ana cewa sankarar mafitsara, wani ya ce dajin maraina, kuma duka biyun ba su dace ba, domin mafitsara daban, maraina daban, kowanne da irin dajinsa da irin maganinsa. Ni dai a nan zan riƙe furostet ɗin, kafin Allah Ya kawo wanda zai raɗa mata sunan da zai zauna a bakin mutane. Raɗin sunan nan kuwa, 'yan'uwa marubuta, a wuyanmu yake, ba a wuyan likitoci ba.

Ku dubi ƙagaggun labaranmu. Idan marubuci ya so kawar da Alhaji domin 'ya'ya su fara rigimar gado, hanyoyi uku gare shi: haɗarin mota a hanyar Kaduna, ko hawan jini bayan an kawo masa mugun labari, ko kuma sammu. Ban taɓa cin karo da dattijon da ke tashi sau shida cikin dare da buta a hannu ba, ko wanda ke ɓoye jakar fitsari a ƙarƙashin babbar riga. Amma je ka bakin Asibitin Tarayya na Birnin Kudu da hantsi ka tsaya, za ka gan su, daga Gwaram, daga Buji, har daga ƙasar Ningi, kowa ya sunkuyar da kai kamar wanda ya ci bashi. An daɗe ana ɗaukar wannan ciwo na Turawa ne, sai a 1997 wani likitan asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, Farfesa Osegbe, ya buga bincikensa da ya nuna ciwon ya yi yawa a tsakaninmu, kuma mafi yawan masu shi ba sa zuwa asibiti sai ya riga ya ci ƙarfinsu. A ƙiyasin hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, maza fiye da 15,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya a wannan shekarar kaɗai, kuma babu wani dajin da ya kai shi kama maza a ƙasar nan.

Baffana, yayan mahaifina, yana cikinsu. Manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Gwaram. Da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani kuma lambu a fadama, albasa da tumatir da attaruhu, ga shanun huɗa guda biyu da yake ji da su kamar 'ya'yan cikinsa. Abin da mutanen gida suka fara lura da shi shi ne ya bar sahun gaba a masallaci, ya koma can gefe kusa da ƙofa, shi da ya shekara talatin a bayan liman. Ashe ɗigon fitsari ne ke sa shi shakkar alwalarsa. Da jini ya fara fitowa, ya ce tsargiya ce ta dawo. Ba za ka ga laifinsa ba. A ƙasarmu yaron da ya yi wanka a kududdufi ko ya kama kifi a gulbi ya san fitsarin jini tun yana ɗan shekara goma, har wasu na ɗauka alamar balaga ce. Mutumin da ya tashi a haka, jini a fitsari ba zai tayar masa da hankali yana da shekara saba'in ba. Ciwon baya kuma ya ce na fartanya ne.

Daren da fitsarin ya ƙi fita gaba ɗaya aka ɗauko shi a mota yana nishi, mara ta kumbura kamar ƙwarya. Aka sa masa roba. Aka auna jininsa da gwajin da ake kira PSA, aka tsakuro ɗan naman wurin aka kai ɗakin bincike, aka ɗauki hoton ƙashin bayansa. Bayan makonni likita ya kira mu, ni da babban ɗansa, ya ce daji ne, kuma ya riga ya sauka a ƙashin gadon baya da na ƙugu. Ya zana mana a takarda yadda wasu jijiyoyin jini suka taso daga ƙugu suka bi gadon baya, ba su da marfin da ke hana jini komawa baya, shi ya sa wannan daji ya fi son ƙashin baya. Daga bisani na karanta cewa wani masanin sassan jiki a Amurka, Oscar Batson, shi ya bayyana wannan hanya tun 1940.

Kwana uku da wannan, sai ga ɗan Baffa, yayana a wajen girma, ya zo mini da wayarsa a hannu yana murna. Yana kasuwanci a Kano, mutum ne mai zuciya, ba ya iya zama ya naɗe hannu. Wani ya turo masa bayanin wata allura da ake kira Avastin, wai tana kashe daji da yunwa ta hanyar datse masa jijiyoyin jini.

"Malam, ko nawa ne za a saya," in ji shi. "A kai shanun nan kasuwar Sara. In ba su isa ba, a sa fadamar a kasuwa."

Na ce, "Yaya, ba ni mako ɗaya in bincika."

Fadamar nan ita ke ciyar da gida mai mutum fiye da ashirin daga Janairu har faɗuwar ruwa. Saboda haka na zauna na yi karatun da ban taɓa zaton malamin Hausa irina zai yi ba, ina kai abin da ya shige mini duhu wurin wani abokina likita. Ga abin da na samo, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni, domin labari ne da ya fi ƙagaggenmu daɗi.

Duk mai lambu ya san kwamin da ya yi nisa da hanyar ruwa ba ya yin albarka. Haka jikin mutum yake. Kowace ƙwayar halitta sai ta kasance dab da wata siririyar jijiya kafin ta sami abinci da iskar oksijin. Ƙwayoyin daji ma ba su fi ƙarfin wannan doka ba. A farkon shekarun 1960, wani matashin likitan tiyata mai suna Judah Folkman, yana aiki da rundunar sojan ruwan Amurka, ya dasa ƙwayoyin daji a wata gaɓar dabba da aka ciro aka ajiye cikin gilashi. Suka yi girma har suka kai milimita ɗaya zuwa biyu, wato kamar ƙwayar gero, daga nan suka tsaya cik. Da ya mayar da su jikin ɓera mai rai, sai jijiyoyi suka tsiro suka shige su, suka habaka. A 1971 ya buga ra'ayinsa: daji ba ya wuce girman ƙwayar gero sai ya janyo wa kansa sababbin jijiyoyi, yana kuma yin haka ne ta hanyar sakin wani sinadari da ke kiran su, don haka in aka toshe wannan kira, an ɗaure shi. Manyan masana suka yi ta yi masa dariya shekara da shekaru. Shi da abokan aikinsa suka riƙa dasa ɗan ƙurjin daji a gilashin idon zomo, wurin da ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, suna kallon yadda jijiyoyi ke rarrafowa daga gefe suna nufar ƙurjin kamar tururuwa ta ji ƙanshin zuma.

Sinadarin kansa sai daga baya aka kama shi. A 1983 Harold Dvorak da Donald Senger suka gano wani abu da daji ke saki mai sa jijiyoyi yoyo. A 1989 wani ɗan Italiya, Napoleone Ferrara, a kamfanin Genentech na Amurka, ya tace wani sinadari mai sa jijiyoyi tsiro, kuma daga ina? Daga wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar shanu. Aka duba aka ga abu ɗaya ne da na su Dvorak. Likitoci na taƙaita sunansa da haruffa huɗu, VEGF. Ni kuwa na sa masa mai-kiran-jijiya, wanda ya sami abin da ya fi wannan ya taimaka mana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mai-kiran-jijiya ba dafi ba ne, ba baƙo ba ne. Namu ne. Da shi jariri ke gina jijiyoyinsa a cikin mahaifa. Idan lauje ya yanke ka, shi ke kiran sababbin jijiyoyi su zo su ɗinke wurin. Duk inda iska ta yi ƙaranci a jiki, ƙwayoyin wurin sai su sake shi, tamkar mai lambun da ke ƙwala wa mai injin kira a sako masa ruwa. Masana uku da suka gano yadda ƙwaya ke sanin iska ta ragu, Kaelin da Ratcliffe da Semenza, sun sami kyautar Nobel a 2019. Daji dai kwaikwayon kukan mai rauni yake yi, jiki kuma ya amsa masa da zuciya ɗaya. Dvorak ya kamanta shi da miki wanda ba ya warkewa, mu kuwa muna da kalmarsa tuntuni: gyambo. Jijiyoyin da ake gina masa cikin gaggawa karkatattu ne, masu yoyo, kuma ta cikinsu ƙwayoyinsa ke samun ƙofar ficewa zuwa wasu sassan. A 1993 Noel Weidner da Folkman da abokansu suka ƙirga ƙananan jijiyoyi a naman furostet na mutum 74 masu daji, suka tarar waɗanda nasu ya bazu suna da kusan ninki biyu na jijiyoyin waɗanda nasu bai bazu ba. Wannan ya taimaka wajen fahimtar wani abin mamaki da masu binciken gawa suka daɗe da sani, cewa tsofaffi da yawa na mutuwa da ɗan ƙaramin daji a furostet wanda bai taɓa damun su ba, wani abu daban ne ya yi ajalinsu.

Har zuwa nan, ka ga, Yaya yana da gaskiya. Avastin magani ne na ƙwarai, ba na 'yan tallar bakin tasha ba. Aikinsa shi ne ya cafke mai-kiran-jijiya kafin kiran ya isa. An amince da shi a Amurka a 2004 domin dajin hanji, kuma Folkman ya ga wannan rana kafin rasuwarsa a 2008. Danginsa, da shi kansa, sun zama abin dogaro wajen ceto idanun tsofaffi da masu ciwon suga, inda jijiyoyi marasa kan gado ke tsirowa a bayan ido. Kowa ya sa rai furostet ce za ta biyo baya, tunda duk alamu sun nuna haka.

Sai aka gwada. An ɗauki maza 1,050 waɗanda dajinsu ya bazu kuma ya daina jin maganin farko, aka raba su biyu, kowa na karɓar maganin daji mai suna dosetaksel, rabi kuma aka ƙara musu Avastin. Da sakamako ya fito a 2012, tsakatsakin rayuwar waɗanda aka ƙara wa ya kama wata 22.6, na sauran wata 21.5, bambancin da masu lissafi suka ce bai wuce na dace ba. Ciwon ya ɗan jinkirta, gaskiya ne, amma waɗanda maganin kansa ya yi sanadinsu sun kai huɗu cikin ɗari a ɓangaren Avastin, a ɗaya ɓangaren kuwa ɗaya da ɗan ɗoriya. Aka gwada wani mai irin aikinsa, aflibasef, a kan maza 1,224, sakamakon 2013 ya zo da wata 22.1 da wata 21.2. Aka gwada sunitinib a kan maza 873, shi ma bai ƙara kwana ba. Masana na ganin dalilan sun haɗa da cewa daji ba da murya ɗaya yake kira ba, in ka toshe wannan sinadari yana da wasu, sa'annan wanda ya sauka cikin ƙashi ya sami wurin da jini ya riga ya wadata, ga kuma masu ciwon tsofaffi ne da maganin ke tayar wa hawan jini da zubar jini.

Wannan shi ne sashen da wanda ya turo wa Yaya saƙo bai haɗa da shi ba. Ba na ce ƙarya ya yi ba. Ya ba da rabin farko na labarin, wanda ya fi daɗin faɗi, ya tsaya. Mu ma marubuta mun san wannan jarabar. Ra'ayi mai kyau, jarumi da aka yi wa dariya, ranar da gaskiyarsa ta fito: wa zai so ya ɓata irin wannan da wata 22.6 da wata 21.5? Amma a kan wannan ɗan lissafi mara armashi fadamar Baffa ta rataya.

Abin da likita ya ba da shawara tun ranar farko tsoho ne tukuf. A 1941 Charles Huggins na Jami'ar Shikago, wanda ya fara da nazarin karnuka, ya nuna cewa dajin furostet da sinadarin mazakuta yake rayuwa, wanda maraina ke samarwa, kuma in aka yanke masa shi sai ya lafa, ciwon ƙashi ya sauka. Ya sami Nobel a 1966. Hanya biyu ce: ko ƙaramar tiyata a cire 'ya'yan maraina sau ɗaya, ko allurar da za a riƙa saye duk wata ko duk wata uku har iyakar rai. Wani abin da ya ba ni sha'awa, binciken da aka yi a kan ɓeraye a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa in aka yanke wannan sinadari, mai-kiran-jijiya na raguwa a furostet, jinin da ke shiga cikinta ya ja baya tun kafin ƙwayoyinta su fara mutuwa. Ashe tsohon maganin ma yana taɓa hanyar ruwan, daga can sama.

Saura faɗa wa Baffa. A nan boko ya ƙare. Ɗa ba ya buɗe baki ya yi wa mahaifinsa maganar marainansa, ɗan ƙane ma haka. Kuma manomi ba ya buƙatar a yi masa bayanin fiɗiya. Mutanen wannan yanki sun san shanu tun zamanin da aka zana su, marasa tozo, a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu. Baffa da hannunsa ya sha riƙe ɗan maraƙi ana dandaƙe shi. Ya san abin da ake kiran bunsurun da aka yi wa haka. Da likita ya faɗa masa, cikin ladabi, yana ce masa Baba, sai ya juya fuska bango ya ce a mai da shi gida.

Amininsa muka samu, wanda suka yi kaciya tare, muka zayyana masa komai, shi kuma ya ɗauki liman suka shiga wurinsa suka rufe ƙofa. Abin da ya fito daga ɗakin daga baya shi ne, liman ya ce masa wannan neman magani ne a halin lalura, ba shi ne abin da shari'a ta hana ba, ya kuma tuna masa cewa mai yoyon fitsarin da ya zame masa jiki yana da sauƙi a hukuncin alwala, bai kamata ya bar sahunsa ba tun farko. Aminin kuwa da zolaya ya bi shi, irin wadda sa'a kaɗai ke iya yi wa sa'a, ya ce mai jikoki goma sha bakwai me kuma yake jira.

Washegari ya aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin gado na gaishe shi.

"Kai ɗan nan, an ce kai ka hana a sayar da fadama."

"Baffa, ba hanawa na yi ba. Allurar ce aka gwada a kan mutum dubu, ba ta ƙara musu kwana ba."

Ya ce in gaya masa yadda abin yake. Na kawo masa misalin kwami da hanyar ruwa, ina lura da kalmomina. Ya yi shiru, can ya ce, "Wato ɓarawon ruwa ne. Irin wanda ke zuwa da dare ya fasa maka kunya ya karkatar da ruwa lambunsa. In ka toshe nan, gobe ya fasa can." Na ce haka ne. Ya ce, "To ai irin wannan ba a bin sa da toshiya. Injin ake kashewa." Duk karatun da na yi na mako guda ban sami jimlar da ta kai wannan ba, kuma daga bakin mutumin da bai taɓa zama a aji ba ta fito.

Aka yi tiyatar, ba ta kai awa ɗaya ba. Cikin mako biyu ciwon bayan da ya hana shi barci ya sauka, bayan wata biyu aka cire robar. Ya yi fama da zufa mai taso masa ba zato, ƙarfinsa ya ragu, kuma akwai abin da ya rasa wanda bai taɓa ambata ba, mu ma ba mu tambaya ba. Amma ya koma bayan liman. Ya ga rani biyu a lambunsa, yana zaune a inuwar mangwaro yana yi wa jikoki faɗa a kan yadda suke sakin ruwa. Likita bai ɓoye mana ba tun farko cewa wannan magani kwantar da ciwon yake yi, ba ya tumɓuke shi, kuma bayan shekara ɗaya da rabi zuwa uku yawanci yakan koyi rayuwa ba tare da sinadarin ba. Haka kuwa aka yi. A shekara ta uku ciwon ƙugu ya dawo. Aka kai shi Kano, aka ɗora shi a kan wasu ƙwayoyi masu tsada, sa guda ya tafi kasuwar Sara a kansu, wannan karon da yardarsa. Ya rasu da kaka, an gama yankan gero. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan sadakar bakwai, abokina likita ya ce in isar wa 'ya'yansa maza da saƙo. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo, haɗarin kamuwarsa ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane, kuma baƙar fata ya fi kowa shiga haɗarin, saboda haka daga shekara 45 ya kamata su fara zuwa a duba su, a auna PSA, tun abin yana ƙwayar gero, lokacin da tiyata ko gashin na'ura ke iya raba mutum da shi gaba ɗaya. Na tara su a zaure na faɗa musu, da kalmar Baffa ta ɓarawon ruwa, domin ita suka fi ganewa. Su biyar ne suka kai wannan shekaru. Yaya da mai bi masa sun je Birnin Kudu an ɗebi jininsu a makon. Sauran ukun suka ce sai an kwashe albasa.